Yadda Waƙafi Ya Shiga Makarantar Boko

Tun kafin zuwan Turawa akwai rubutu a ƙasar Hausa, watau ajami, amma babu alamar da a yau a ke kira waƙafi a cikinsa. Abin da almajiri ya sani shi ne alamun Alƙur'ani: aya a ƙarshen kowace aya, kumsa bayan biyar, kuri bayan goma. Malami kuma ya kan koya masa inda zai dakata ya yi numfashi. Wannan dakatawa ita ce waƙafi, kalmar kuwa daga Larabci ta fito.

Su ma Turawa ba su tashi da alamar ba. A ƙarshen ƙarni na 15 ne wani mai buga littattafai a birnin Banis na ƙasar Italiya, Aldus Manutius, ya daidaita siffarta, daga nan ta bazu cikin Turai.

A 1909 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa, Kano. A 1912 ya fitar da ƙa'idodin rubuta Hausa da boko. Da aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, sai koyon Ingilishi ya kankama, ɗalibanta kuma suka koma larduna suna koyarwa. To, da alamun Turawa suka bukaci suna da Hausa, sai aka ɗauko musu na makarantar allo. Ɗigon ƙarshen jimla ya zama aya, mai ɗan wutsiyan nan ya zama waƙafi.

Sunan ya taimaka, amma ya zo da tasa wahalar. Yaro ya ɗauka duk inda ya numfasa, nan a ke sa waƙafi. Bahaushe kuwa ya kan ambaci abin da zai yi magana a kansa tukuna, ya ɗan tsaya, kana ya ci gaba: “Sarkin nan kuwa, ya tafi Zariya.” A Hausa daidai ne. Amma in yaro ya kai wannan al'ada cikin Ingilishi, ya raba mai aiki da aikinsa da waƙafi, jan biron malami zai hau takardarsa, domin can ginin jimla a ke bi, ba numfashi ba.

Saboda haka gwanin malami ya kan fara da misalin Hausa. “Audu ɗan Sarki ya zo,” mutum ɗaya ke nan. “Audu, ɗan Sarki ya zo,” an sami mutum biyu, ana gaya wa Audu labari. In yaro ya gane haka, ƙa'idar Ingilishi ba za ta gagare shi ba.

Ga kuma wani bambanci da iyaka ta kawo. Yaron Maraɗi da ya koyi lissafi da Faransanci ya kan rubuta biyu da rabi 2,5, ɗan'uwansa na Katsina kuwa 2.5 ya ke rubutawa.