Neman Ilmi da Tseren Dusar Ƙanƙara

Duk wanda ya tashi a ƙasar Shira, iyakar sanyin da ya sani shi ne na hunturu, lokacin da hazo kan lulluɓe duwatsu, ƙafa ta yi faso, tsofaffi su kwana a bakin wuta. Ƙanƙara kuwa sai wadda kan zubo jefi-jefi da damina, yara su tsince ta kafin ta narke. Don haka in aka ce masa akwai 'yan Afirka da suka shiga tseren dogon zango a kan dusar ƙanƙara, sai ya ɗauka almara ce. Alhali akwai su, kuma wasu daga cikin na farkonsu karatu ne ya kai su ga wannan fage.

Shi wannan tsere, mutum yakan ɗaura wasu siraran katakai biyu dogaye a ƙafafunsa, ya riƙe sanduna biyu yana dogarawa, yana sulalawa bisa tudu da gangare har kilomita 50. Mutanen Norwe da maƙwabtansu sun daɗe suna tafiye-tafiye da farauta a haka kafin abin ya zama wasa. Yana cikin wasannin da aka yi a gasar Olamfik ta hunturu ta farko, a garin Shamoni na Faransa, a 1924.

Dangantakarsa da karatu a ƙetare kuwa, a Amurka ta yi ƙarfi. Tun daga 1954 jami'o'in ƙasar ke gasa tsakaninsu, kuma Jami'ar Denba, wadda ta lashe ta farko, ta yi suna wajen ɗauko samarin Norwe, ta ɗauke musu nauyin karatu, su kuma su ciyo mata kofi. Cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ke nan, sai dai ba banza ake samu ba: ɗalibi zai yi sammakon atisaye cikin tsananin sanyi, ya koma aji, in makinsa ya faɗi a hana shi gasa.

Ta irin wannan ƙofa Robel Teklemariam na Habasha ya bi. An haife shi a 1974, aka kai shi Amurka yana ɗan shekara tara, ya shiga makarantar kwana a Lake Placid, inda ya fara ganin wasan. Ƙwazonsa ya sama masa tallafin karatu a Jami'ar New Hampshire. Abin da ya fi burge ni a tarihinsa shi ne, da ya so ya wakilci ƙasarsa sai ya tarar babu ma hukumar wannan wasa a Habasha, dole shi ya yi fafutukar kafa ta. Ya je gasar Turin a 2006, ɗan Habasha na farko a Olamfik ta hunturu, ya sake zuwa ta Bankuba a 2010. Kafin wannan ta biyu, a titunan Adis Ababa ya riƙa atisaye da katakai masu tayoyi, motoci da jakuna na ba shi hanya.

Maƙwabcinmu Isaac Menyoli na Kamaru, mutumin Buea, shi ilmin zanen gine-gine ya je nema a Milwaukee, can ya koyi tseren yana babba. Da ya shiga gasar Salt Lake City a 2002 ya san ba zai ci komai ba. Ya shiga ne don 'yan jarida su saurare shi a kan ɓarnar da cutar ƙanjamau ke yi a garinsu.

Nijeriya ba ta sami nata ba sai a gasar Beijin ta 2022, inda Samuel Ikpefan ya tsaya mata. Shi ba karatu ne ya fitar da shi ba. A Faransa aka haife shi a 1992, kusa da duwatsun Alps, mahaifinsa ne ɗan Nijeriya.