Yadda Aka Kulle Damina Cikin Gilashi a Birnin Landan

A yammacin birnin Landan, a bakin kogin Thames, akwai wani lambu da ake kira Kew, kuma a cikinsa akwai gini wanda kusan duk jikinsa ƙarfe ne da gilashi. Tsawonsa ya kai mita 110, tsayinsa daga ƙasa zuwa ƙololuwa mita 19, an lulluɓe shi da fallayen gilashi wajen 16,000. Sunansa Palm House, gidan dangin dabino da kwakwa. A tsakiyar hunturu, lokacin da sanyi ke ratsa ƙashi a waje, mutum na tura ƙofarsa sai ɗumi da laima su mare shi a fuska. Mai tabarau sai ya cire ya goge. Ruwa na ɗiga daga rufi, ƙasa na ƙamshi irin na bayan an ɗauke ruwan Agusta. Ga kwakwar manja, ga ayaba, ga koko da kofi da rake, kowanne da ɗan allon sunansa a gindi.

Mutanen birni kan biya kuɗi su shiga, su hau matakalar ƙarfe mai murɗewa har su kai baranda, su leƙo kan itatuwa daga sama. Ga wanda ya tashi inda ake sayar da ayaba a bakin titi, abin zai iya zama abin mamaki. Amma kafin a kai ga haka an sha fama, kuma ba don yawon buɗe ido aka fara ba.

Kwaɗayin sarakuna ne mafari. Marubutan Rum sun ruwaito cewa Sarki Tiberius ba ya iya wuni bai ci wani abu mai kama da kokwamba ba, don haka masu lambunsa suka riƙa shuka ta a kan amalanke, su tura ta rana da hantsi, su mayar da ita ƙarƙashin rumfar wani dutse mai sheƙi da haske ke ratsawa idan sanyi ya sauko. Bayan ƙarnuka, lemon zaƙi ya zama abin taƙama a fadojin Turai. Tunda itacensa ba ya jure ƙanƙara, sai aka riƙa dasa shi a manyan akwatunan katako, a gina masa dogon zaure mai faffaɗan tagogi inda zai yi hunturu. Mafi shahara shi ne na fadar Versailles a Faransa, wanda aka gina wa Sarki Louis na 14 tsakanin 1684 da 1686. Duk waɗannan na masu mulki ne. Talaka sai dai ya ji labari.

Abin da ya hana Ingila yin gaba a wannan fanni shi ne haraji. Tun 1696 ake karɓar harajin taga, gwargwadon yawan tagogin gida, har wasu suka riƙa toshe nasu da bulo. Daga tsakiyar ƙarni na 18 kuma aka ɗora wani harajin a kan gilashin kansa, bisa nauyinsa. Wanda duk ya ce zai rufe fili da gilashi, to ya shirya zubar da dukiya.

Akwai wata matsalar da ta fi wannan. Tsiron da aka ɗauko daga ƙasashe masu zafi ba ya isowa da rai. Tafiyar jirgin ruwa wata da watanni ce, feshin ruwan gishiri na ƙona ganye, ɓeraye na ci, matuƙa kuwa ba za su ba tsiro ruwan da su ma bai ishe su ba. Maganin ya fito daga inda ba a zata ba. Wani likita mai suna Nathaniel Ward, mazaunin gabashin Landan inda hayaƙin kwal ke kashe duk abin da ya shuka, ya rufe wani ƙwaro a kwalba tare da ɗan danshin ƙasa a 1829, yana jiran ya ƙyanƙyashe. Sai ya ga ciyawa ta tsiro a ciki, tana girma ba tare da an ba ta ruwa ba. Da rana ruwan ƙasar ya tashi ya zama tururi, ya kama jikin kwalbar, da dare ya gangaro ya koma inda ya fito. Ward ya sa kafinta ya haɗa masa akwatunan katako masu murfin gilashi, a 1833 ya cika biyu da tsirrai ya aika Sydney ta Ostareliya. Suka isa lafiya lau, aka sake cika su da tsirran can, su ma suka iso Landan da ransu. A ganina wannan ɗan akwati ya fi duk manyan gine-ginen da suka biyo baya tasiri, domin in ba don shi ba da babu abin da za a zuba a cikinsu.

Daga nan sai Joseph Paxton, ɗan manomi da ya zama shugaban masu lambun wani basarake a Chatsworth. A ƙarshen shekarun 1830 ya gina masa gidan gilashi mai faɗin da keken doki ke ratsawa ta tsakiya, kuma Sarauniya Victoria ta ratsa a 1843. A 1849 ya yi nasarar sa wani ƙaton bado na kogin Amazon ya yi fure, ya ɗora ƙaramar 'yarsa a kan ganye guda, ganyen bai nutse ba. Jijiyoyin da ke ƙarƙashin ganyen nan sun ƙara masa basirar yadda siraran ƙarafa za su ɗauki rufi mai faɗi, abin da ya kai shi ga gina Crystal Palace don babban baje kolin 1851.

Shi kuwa lambun Kew, Gimbiya Augusta ce ta kafa shi a 1759, amma bayan wasu shekaru na bunƙasa ya lalace, har aka yi tunanin watsar da tsirransa. A 1840 gwamnati ta karɓe shi daga hannun gidan sarauta, a 1841 aka naɗa William Hooker darakta. Hooker yana son gini da zai ba kwakwa damar miƙewa yadda take so. Mai zanen gini Decimus Burton da wani maƙerin ƙarfe daga Dublin, Richard Turner, suka soma aiki a 1844. Mutane sun fi ambaton Burton, amma ni ina ganin Turner aka fi bin bashin yabo. Shi ya kawo dabarar amfani da irin ƙarfen da ake yi wa jiragen ruwa haƙarƙari, mai ƙarfi kuma marar nauyi, wanda ya ba da damar buɗe tsakiyar ginin ba tare da an cika shi da ginshiƙai ba. Shi ya sa in ka hango ginin daga nesa sai ka ga siffar jirgin ruwan da aka kife. Sa'a ta zo musu ana cikin aiki: a 1845 gwamnatin Robert Peel ta soke harajin gilashi, farashi ya faɗi. Aka kammala a 1848.

Abin da baƙo ba ya gani shi ne abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa. A ramin ginin aka jera tukwanen dafa ruwa 12, ruwan zafi na zagayawa ta bututu, ɗumi na fitowa ta ragar ƙarfen da aka shimfiɗa a daɓe. Don kada hayaƙi ya ɓata kyan wurin, aka haƙa hanya ta ƙarƙashin ƙasa mai tsawon mita 150 zuwa wata hasumiya da aka ƙawata har ba a gane bututun hayaƙi ce. Ta wannan hanya leburori suka riƙa turo kwal a kan ɗan layin dogo, su kwashe toka. Ruwa kuma ya sha cika ramin. Duk lokacin da ake yabon wannan gini ya kamata a tuna da masu zuba kwal cikin dare, waɗanda in wutarsu ta mutu a daren ƙanƙara guda, tarin shekaru ya tafi. Haka ta faru da ginin Paxton na Chatsworth: Yaƙin Duniya na Ɗaya ya cinye kwal da ma'aikata, tsirran suka mutu, aka rushe shi a 1920.

Hooker ya buɗe ƙofa ga jama'a, kuma suka zo. Daga baƙi dubu tara da 'yan kai a 1841, lissafi ya haura dubu ɗari uku a 1851. Tashar jirgin ƙasa da aka buɗe kusa da lambun a 1869 ta sauƙaƙa wa ma'aikatan masana'antu zuwa ranar hutu, kuma shiga kyauta ce har 1916 da aka sa kuɗin ƙofa na kwabo ɗaya. Sauran birane suka kwaikwaya: Vienna a 1882, New York a 1902.

Sai dai ba kallo kaɗai ake yi a Kew ba. A zamanin daular Biritaniya, zango ne na fataucin tsirrai. A 1860 aka kwaso itacen da ake samun kwinin daga ɓawonsa a duwatsun Kudancin Amurka, aka rene shi, aka tura Indiya. A 1876 Henry Wickham ya fito da irin roba 70,000 daga Brazil. Ƙalilan ne suka tsiro a ɗakunan rainon Kew, ƙasa da dubu uku, amma sun isa. Aka sa su a akwatunan Ward zuwa Sri Lanka da Singafo, kafin shekara arba'in gonakin Asiya sun karya kasuwar robar Brazil. Turawan lokacin sun kira wannan ci gaban ilimi, har aka karrama Wickham da sarauta. Mutanen Brazil suna kiransa sata, kuma ban ga dalilin musa musu ba.

Igiyar ta zo har ƙasarmu. Kwinin ne ya sa William Baikie ya shiga kogin Kwara da Binuwai a 1854 ya fito ba tare da zazzaɓi ya kashe masa Bature ko ɗaya ba, abin da ya buɗe hanyar da 'yan kasuwa da sojoji suka biyo daga baya. A tafiyarsa ta 1857 ya zo da Charles Barter, wanda ya koyi aikin lambu a Kew, ya yi ta tara tsirrai yana aikawa gida har ya rasu a Rabba ta ƙasar Nupe a 1859. A Gana, lambun Aburi da aka buɗe a 1890 mutumin Kew aka ba riƙonsa. Wani likitan mulkin mallaka, John Dalziel, da ya yi aiki a Arewa, ya wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, sannan ya koma Kew ya haɗa kai da John Hutchinson suka rubuta babban kundin tsirran Afirka ta Yamma. Ilimin da ke cikin waɗannan littattafai daga bakin manoma da makiyaya da masu magani ya fito, ko da yake ba sunayensu ke kan bango ba.

A wani lungu na Palm House akwai tsiro mai kama da gajeren dabino, ya kwanta a kan sandunan ƙarfe da aka tokare shi da su. Francis Masson ne ya ɗauko shi daga Afirka ta Kudu, ya iso Kew a 1775, shekara 73 kafin a gama ginin da yake ciki. Sau ɗaya tak ya taɓa fitar da kwanson iri, a 1819. Da aka zo canja masa tukunya a 2009, nauyinsa ya kai tan guda, sai da aka ɗaga shi da ƙugiya.

Laimar da ke rayar da shi ita ce ke cin ƙarfen ginin. An yi babban gyara a shekarun 1950, sannan tsakanin 1984 da 1988 aka kwance ginin gaba ɗaya aka sake ɗaura shi da ƙarfen da ba ya tsatsa a wuraren riƙe gilashi. Yanzu tsatsa ta sake cin ƙarfinsa. Hukumar lambun ta sanar a 2025 cewa za a rufe shi daga 2027 na kimanin shekara biyar, a sauya gilashin duka, a cire tukwanen gas a sa na'urorin ɗumama masu aiki da lantarki. Masu lambu sun riga sun fara kwashe tsirrai wajen 1,300 zuwa matsuguni na wucin gadi. Waɗanda suka yi girman da ba za su ɗauku ba, ana ɗibar irinsu da rassansu a rena, kafin a sare uwayen.