SVT: darasin ilimin halittu a sakandaren Nijar

SVT, wato ilimin rayuwa da na ƙasa, darasi ne da ake koyarwa da Faransanci a kwaleji da lise na Nijar, daga ajin farko har ajin ƙarshe. Ginshiƙinsa ƙwayar halitta ce, wadda Robert Hooke ya fara bayyanawa a 1665. Malami kan ɓare siririyar fatar albasa ya sa ƙarƙashin mikroskop, ɗalibai su ga ƙwayoyin a jere kamar tubalan gini. Inda babu na'urar, sai zane a allo, ɗalibi ya hardace abin da bai gani ba. Darasin yana da nauyi a bakaloriya ta rukunin D, hanyar masu neman karatun likita ko aikin gona.