Shibo da 'Yan Babule: Hauka a Tarihi da Majigi

Masana silima kan kafa misali da fim ɗin Repulsion na Roman Polanski (1965) wajen zancen taɓin hankalin mace. Labarin wata budurwa ne da aka bari ita kaɗai a gidan yayarta a Landan, hankalinta ya gushe babu mai sani. Tarihin ƙasar Hausa kuwa ya zo da wani salo dabam.

A shekarar 1925, a ƙauyen Shikal na ƙasar Kurfai, wajen Filinge, baƙin iskoki masu kwaikwayon Turawan mulki da sojojinsu suka hau kan wata mata mai suna Shibo. Jama'a ba su ɗauke ta mahaukaciya ba. Samari suka bi ta, suka bijire wa sarkin da Faransawa suka ɗaure wa gindi, aka kira su 'yan Babule. Kwamandan Yamai, Croccichia, ya sa aka tsare su a kurkuku, duk da haka 'yan ci-rani suka kai al'adar har Akara, inda Jean Rouch ya ɗauke ta a fim ɗin Les Maîtres fous (1955).

Ko da yake sunan iskokin nan Hauka, ta bakinsu ne talakawan Kurfai suka furta kukan da suke yi da mulkin mallaka.