Me Ya Sa Ɗan Keke Ke Barin Hanya Mai Kyau Ya Bi Ratse?

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu: Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, na lura da yawanmu sun koma keke tsakanin hostal da ɗakin lakca. Yanzu har ana maganar a nemi hukumar makaranta ta ware wa keke hanyarsa. Ina goyon baya ɗari bisa ɗari, amma kafin mu rubuta takarda ina so mu ji labarin garuruwa biyu a Turai, don kada mu roƙi abin da ba za mu yi amfani da shi ba.

Na farko Stevenage ne, arewa da Landan a Ingila, sabon garin da aka tsara bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Injiniyan garin, Eric Claxton, mai son keke ne na gaske. Ya shimfiɗa wa masu keke hanyoyinsu daban, masu faɗi da santsi, har da mashiga ta ƙarƙashin shataletale don kada su haɗu da mota ko kaɗan. A takarda babu abin da ya fi wannan. Amma me ya faru? Mutane suka ci gaba da shiga motocinsu, domin ita ma motar an yi mata titi mai sauri da wurin ajiyewa a ko'ina. Ga shi kuma wasu mashigan ƙarƙashin ƙasar shiru ne, ba kowa ke son bin su da dare ba. Har yau 'yan ƙalilan ne ke zuwa aiki a keke a garin.

Na biyu Groningen, garin jami'a a arewacin ƙasar Holan. A shekarar 1977 wasu matasan 'yan siyasa, ciki har da Max van den Berg, suka raba tsakiyar gari gida huɗu. Mai mota ba ya iya ƙetarawa daga wani kaso zuwa wani kai tsaye, sai ya fita ya zagayo ta titin da ya kewaye tsakiyar garin. Mai keke kuwa ya miƙe abinsa. 'Yan kasuwa sun yi ta kururuwa cewa ciniki zai mutu. Bai mutu ba. Yau fiye da rabin zirga-zirgar cikin garin a kan keke ake yin ta.

To ina darasin yake? Ɗan keke da ƙarfin ƙafarsa yake tafiya, ba da fetur ba, shi ya sa yake auna kowace hanya da abu uku: za ta kai ni da wuri? Jikina zai sha wuya? Raina zai yi daɗi a kanta? Stevenage ta ba shi santsi amma ba ta sa keke ya riga mota isa ba. Groningen ta ba shi kusanci, da hanyar da ke cike da mutane da shaguna.

Mu ma haka muke, wallahi. Idan lakcar ƙarfe takwas ta matso, ratse muke bi ko da gargada ce. Da rana tsaka inuwar bishiyoyi muke nema ko za a ƙara zagaye. Da damina kowa na gudun taɓo da hawan tudu, kuma 'yan uwanmu mata za su gaya maka bayan magariba hanya mai fitila da jama'a ita ce hanya, komai nisanta.

Saboda haka shawarata, kafin mu zana komai, mu zagaya mu duba inda tayoyi suka riga suka kashe ciyawa. Nan ne hanyar take, kwalta da fitila kawai take jira. Ku rubuto mana a ƙasa wacce kuke bi da dalilinku, sai mu haɗa mu kai wa shugabannin ƙungiya. Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa.