Ƙagaggen Labarin Hausa da Tafiya Ya Fara

A shekarar 1933, Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya zaga manyan biranen Arewa yana roƙon malaman makaranta su ƙago labarai da rubutun boko. Roƙon ya yi nauyi, domin a idon malaman zamanin alƙalami na ilmi ne da wa'azi, mai tsara labarin abin da bai faru ba kuwa bai yi nisa da maƙaryaci ba. Duk da haka gasar ta haifar da littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East.

Ukun farko duk a kan hanya aka gina su. Alhaji Imam ya bar Kwantagora neman ruwan magani, Ganɗoki ya yi gabas bayan Turawa sun ci ƙasa, Umar kuwa sato shi aka yi yana yaro. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A ƙasar fatake da almajirai da alhazan ƙafa, matafiyi ne aka yarje wa ya ba da labarin abin al'ajabi ba a ƙaryata shi ba, sai marubutan suka ari bakinsa. Saboda haka ƙungiyar masu karatu da ke neman abin farawa za ta fi cin riba idan ta haɗa ƙagaggen labari da labarin tafiya ta gaske a wata guda.

Haɗin da ya fi kowane nauyi shi ne Shaihu Umar da tarihin Dorugu. Tafawa Ɓalewa ya bi yaron daga Kagara zuwa Kano, ya ƙetara da shi Sahara a hannun wani Balarabe mai suna Abdulkarim, yayin da mahaifiyarsa ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa bauta. Sun sadu a Tarabulus, ba ta jima ba ta rasu. Dorugu kuwa mutum ne da ya rayu: ɗan ƙasar Damagaram da aka kama yana yaro aka kai Barno, inda Bajamushe Adolf Overweg ya 'yanta shi. Daga baya ya bi Heinrich Barth zuwa Tumbutu, ya ƙetara hamada, ya isa Landan a 1855. (Abin dariya, shi ma Barth Abdulkarim ake ce masa a tafiyar.) A Ingila ya shifta wa J. F. Schön labarinsa, aka buga shi cikin Magana Hausa a 1885. Wanda ya karanta su a jere zai ga bambanci: Umar yana jingina duk abin da ya same shi ga ƙaddara cikin natsuwar malami, Dorugu kuwa yana faɗin rabuwarsa da iyayensa da yunwar hanya kai tsaye, da Hausar yaro marar ado. Muhawara a kan wanne ya fi faɗin gaskiyar bauta ta isa ta cinye zama biyu.

Ruwan Bagaja abokinsa na gida ne. A 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya, Imam, yana editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya tafi Ingila cikin ayarin 'yan jaridar Afirka ta Yamma, har da Nnamdi Azikiwe. Abin da ya gani ya zama Tafiya Mabuɗin Ilmi a 1944. Barkwancin da ya raya Malam Zurƙe ɗan Muhamman yana nan, amma yanzu marubucin auna Turawa yake yi a gidansu, yana kwatanta su da mutanensa.

Ganɗoki ya fi wuyar sha'ani. Rabinsa na farko, na yaƙe-yaƙen zuwan Turawa, ya cancanci a karanta shi da murya a cikin taro. Da ya shiga ƙasar aljannu sai igiyar labarin ta saki.

Wahalar ɗaya ita ce samun Dorugu. Hausarsa tana cikin tsohon rubutun Schön mai wuyar karantawa, abin da ya fi sauƙin samu kuwa shi ne fassarar Ingilishi da Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka fitar a 1971.