Ruwan da Aka Tace Ya Sa wa Ganye Ciwo: Iyakar Matata



Ku tambayi dattawa a Kangire ko Gwaram labarin kurkunu. A 1988 an ƙirga mutum fiye da 650,000 masu ciwon a Najeriya. Ɗaya daga cikin manyan makaman da aka yaƙe shi da su ƙyalle ne kawai, a ɗaura a bakin tulu a tace ruwan tafki. 'Yan ƙwarin ruwan da ke ɗauke da tsutsar manya ne, ƙyalle na tare su. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya ta rabu da kurkunu.

To, shin duk abin da aka tace ya tsarkaka ke nan? Masana ma sun taɓa zaton haka.

A 1884 Charles Chamberland, abokin aikin Louis Pasteur a Faransa, ya ƙera matatar tangaran mai tare bakteriya. Sai a 1892 wani Barashe, Dmitri Ivanovsky, ya matse ganyen taba mai ciwo, ya tace ruwan da irin wannan matata, ya shafa wa lafiyayyen ganye. Ganyen ya kamu! A 1898 Martinus Beijerinck ya maimaita gwajin a Holan, ya ce wannan ba bakteriya ba ce, wani abu ne daban, ya kira shi bairos. A shekarar kuma Loeffler da Frosch suka gano cutar boru ta shanu ma na ratsa matata.

Har yau a ɗakin gwaji ana tace ruwan haɗin da zafi zai lalata, da matata mai ƙofofin maikiron 0.22, waɗanda silin gashi ya fi su faɗi fiye da sau 200. Amma ƙwayar shan inna ta fi ƙofar ƙanƙanta kusan sau bakwai, sai ta wuce abinta. Shi ya sa duk abin da zai jure zafi, tukunyar tururi ake sa shi, digiri 121, minti 15.

Kun gane? Matata ba ta kashe komai, girma kawai take dubawa. Ƙyallen da ya kori kurkunu ba zai tare duk ƙwayoyin amai da gudawa ba. Damina in ta zo, a tace ruwa, sannan a tafasa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.